Katin da Aka Hana Barci

Duk wanda ya taɓa aikin gadi a ƙarƙashin Malam Zulkiflu, a wani rukunin gidaje da ke Al Gharrafa, zai gaya maka cewa mutumin ba mugu ba ne. Idan ka makara zai saurari uzurinka. Idan ka zo da takalmi duk ƙura zai harare ka ya wuce. Amma barci a bakin aiki, wannan kam ko ɗan ɗakinsu ne kai sai ya rubuta ka. Shekararsa tara a Doha, biyar daga ciki yana sufabaiza, kuma ya ƙware da wata irin tafiya ta sanɗa, har masu gadin da ke ƙarƙashinsa, 'yan Nepal da 'yan Uganda, suna rantsuwa takalminsa ba ya taɓa ƙasa. Sai dai kawai ka buɗe ido ka gan shi tsaye a kanka da biro a hannu.

Abin da ya hana shi sakat a wannan makon kuwa ba gadi ba ne. 'Yarsa ta fari, Kausar, tana shekarar ƙarshe a jami'a a Zariya, tana karantar zanen gine-gine. Saura mako bakwai ta miƙa aikinta na kammalawa, kwamfutarta kuma ta mutu murus tun watan jiya. Tun daga lokacin aro take yi wurin wata ƙawarta, wadda ita ma nata aikin ke gabanta, sai ta yi ta gaji sannan ta miƙo. Ga ɗakin da take haya a Samaru, idan wuta ta yi awa uku a yini, to ranar an yi sa'a. Shi ya sa da ta rubuto wa mahaifinta irin kwamfutar da take buƙata, abu biyu ta ja wa layi. Na farko, ta kasance tana da babban katin girafik, wato abin da ke zana hoto a fuskar kwamfuta, domin manhajar zanensu nauyi gare ta. Na biyu, batirinta ya riƙe caji. Ta ƙara da cewa, “Abba, idan batirin ba ya riƙewa, ba ta da amfani a nan.”

Zulkiflu ya kwafe saƙon a takarda da hannunsa, ya kai wa Abdul-Samed, wani mutumin Zangon Kumasi da ke gyara da sayar da kwamfutoci na hannu a wani ɗan shago kusa da Mushairib. Abdul-Samed ya zaɓo masa wata baƙa mai ɗan nauyi, ya ce batirinta yana kai awa shida. A ranar Zulkiflu ya kira Kausar ya gaya mata, har da nanata awa shidan. Mai kai saƙo ma an samu. Ɗalhatu, direba, mutumin Funtuwa, zai tafi hutu ranar Laraba, zai bar masauki da magariba, kuma Zariya a kan hanyarsa take. Idan aka kuskure shi, babu wani sananne da zai tafi gida sai bayan wata biyu, lokacin nan kuwa an gama komai.

Ranar Litinin bayan la'asar, a masaukinsu na Al Rayyan, Zulkiflu ya fito da kwamfutar daga jaka yana goge ta da gefen rigarsa. Sai ga Shamsu, abokin ɗakinsa, direban motar ma'aikata, mutumin da Allah ya hore wa sanin rabin kowane abu.

“Oga, kawo in duba maka ita,” in ji Shamsu. “Kar a ba ka gwangwani.”

Ya danna nan, ya danna can, ya buɗe wani shafi mai layuka da lambobi, ya ɗora yatsa a kai.

“Ka gani, kati biyu ne a cikinta. Na saman nan yana aiki. Na ƙasan kuma sifili.”

“Wanne ne babban?”

“Mai sifilin.”

Zulkiflu ya gyara zama. “Kana nufin wanda yarinyar nan ta ja wa layi, wanda saboda shi na bar waɗansu na ɗauki wannan, shi ne a zaune ba ya komai?”

“Haka dai ta nuna, Oga.”

“Ƙaramin na ta fama, shi yana kwance.”

To, da wani ne, da sai ya ɗauki waya ya tambayi wanda ya sayar masa. Amma Zulkiflu ya ga irin wannan ya fi sau ɗari: ƙaton mai gadi ya samu lungu mai sanyi ya miƙe ƙafa, ya bar sabon zuwa yana zagaye shi kaɗai a cikin rana. Bai ga abin tambaya a ciki ba.

“Akwai yadda ake tashinsa?”

“Akwai mana,” in ji Shamsu, ya fara lalube. Can ya gano wani wuri mai zaɓi biyu: ko a bar kwamfuta ta zaɓi katin da za ta yi aiki da shi da kanta, ko a ɗora komai a kan babban kati a kowane lokaci.

“Sa masa kowane lokaci,” in ji Zulkiflu.

Shamsu ya danna. Kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Da suka koma shafin, sifilin nan ya zama lamba mai motsi, wata 'yar fanka kuma ta fara huci daga ciki. Zulkiflu ya kaɗa kai cikin gamsuwa.

“Yauwa,” ya ce. “Yanzu na ji aiki.”

Akwai wata al'ada da mutanenmu suka ƙirƙira a Doha. Tunda ba a ɗauke wuta a garin, duk wanda zai aika waya ko kwamfuta gida sai ya ɗauke wa kansa wuta tukuna: ya cika ta da caji, ya zare waya, ya zauna ya ga iya inda za ta kai. Wanda bai yi haka ba, daga gida zai ji sakamako, kuma ba da daɗi ba. Don haka ranar Talata da safe Zulkiflu ya tafi aiki da kwamfuta biyu, ta Kausar da wata tsohuwa ta Shamsu mai tsagaggen murfi, wadda ya aro don ya samu abin kwatantawa. Ya jera su a kan teburin ɗakin gadi, ya daidaita haskensu, ya kunna musu bidiyon tafsiri iri ɗaya mai tsawo, ya rage murya. Ƙarfe takwas daidai ya zare caja biyun, ya buɗe bayan littafin rahotonsa ya ja layi a tsakiya, ya rubuta ɗari a kowane gefe.

Ya fita zagaye, ya duba ƙofar baya, ya sa hannu a takardar masu kawo ruwa. Da ya dawo ƙarfe tara, tsohuwar Shamsu tana kan tamanin da ɗaya. Ta Kausar tana kan arba'in da huɗu.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Arba'in da uku.

Ya taɓa ƙasanta, ya ji zafi kamar murfin tukunya. Fankar nan da ta burge shi jiya tana ta huci babu tsayawa. Ya ja kujera ya zauna, ya zuba wa lambar ido, shi da bai taɓa zama a bakin aiki haka kawai ba. Tana sauka yana rubutawa, hannunsa na ƙara nauyi. Ƙarfe goma saura minti goma, malamin da ke tafsiri yana tsakiyar magana, fuskar ta yi baƙi. Awa ɗaya da minti hamsin. Tsohuwar Shamsu kuwa, mai tsagaggen murfin nan, ta ci gaba da wa'azinta har aka kira azahar.

Zulkiflu ya rufe littafin. Ba kuɗin ne ya fara zo masa a rai ba. Kausar ya gani, zaune a ɗakinta da zafin rana, ta ja layi uku ta ja na huɗu, kwamfuta ta mutu, ta koma ƙofar ƙawarta tana sallama a hankali. Kuma da bakinsa ya ce mata awa shida. Da la'asar ta kira shi, ya kalli sunanta a waya har ta gaji ta katse. Bai san abin da zai ce mata ba.

Abin mamaki, ko sau ɗaya tunaninsa bai je kan abin da suka yi ranar Litinin ba. Shi a wurinsa gyara ya yi, gyara kuwa ai ba ya cikin abin zargi. Shamsu ma da ya ji labari da yamma, cewa ya yi, “Na faɗa maka, Oga. Tsohon batir suka wanke suka sa maka.” Zulkiflu ya tashi. Ya jona kwamfutar a caji, ya kira wani sufabaiza ya roƙe shi ya riƙe masa aikin gobe.

Ranar Laraba ya hau jirgin ƙasa na Metro ya sauka a Mushairib, jaka a kafaɗa, littafin rahoto a hammata. Ƙarfe goma bai cika ba ya isa shagon. Abdul-Samed yana sunkuye a kan wata kwamfuta da ya farke cikinta, wani Basudane yana tsaye yana jira.

“A'a, Maalam Zulkiflu! Sannu da zuwa. Lahiya?” in ji Abdul-Samed, da Hausarsa ta Zango wadda ba ta raba mace da namiji.

Zulkiflu, wanda ko sallama bai yi ba, ya amsa a gajarce, ya ajiye jakar a kan kanta da ƙarfi.

“Abdul-Samed, ni za ka cuta? Sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Na gaya maka ta yarinya ce, na gaya maka inda za ta babu wuta. Ka dube ni ka ce awa shida.” Ya buɗe littafin ya tura masa. “Karanta. Ko awa biyu ba ta yi ba.”

Basudanen bai ji Hausa ba, amma ya ji muryar, ya ɗan ja baya. Mai shagon da ke kusa ya leƙo. Fuskar Abdul-Samed ta canza. Ya ajiye sukundireba a hankali, ya goge hannu, ya ja littafin ya karanta daga sama har ƙasa.

“Maalam, ni ba na cuta,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “Mu ma a Kumasi mun san ɗauke wuta. Wannan kwamfuta, ni da kaina na gwada shi kwana biyu. Bari in gani.”

Ya kunna ta, ya buɗe wani shafi ya juyo da ita. “Ga lahiyan batir. Tis'in da ɗaya cikin ɗari. Da chau yake.”

“Lamba ce. Ni abin da idona ya gani na sani.”

Abdul-Samed bai yi musu ba. Ya kasa kunne, ya ji hucin fankar, ya ɗora tafin hannu a ƙasan kwamfutar, ya yamutsa fuska. Ya buɗe wani wurin. Zulkiflu ya gane shi nan take: wurin nan ne mai zaɓi biyu.

“Wa ya taɓa nan?”

“Ni,” in ji Zulkiflu, babu ko ɗar. “Na same shi yana barci. Babban katin da na saya dominsa, sifili. Ƙaramin shi kaɗai ke aiki. Na sa an tashe shi.”

Abdul-Samed ya dube shi. Ya dubi kwamfutar. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinsa. Ya dafa kanta, ya sunkuya, kafaɗunsa na rawa. Basudanen ma da bai san abin da ake ciki ba ya fara murmushi.

“Maalam Sufabaiza,” ya ce yana share ido, “har cikin kwamfuta ka shiga kama mai barci?”

“Ba wasa ya kawo ni ba.”

“Yi haƙuri. Zauna in gaya maka.” Ya jawo masa kujera. “Kati biyu ne, gaskiya. Ƙaramin nan, shi ke rubutu, shi ke karatu, shi ke bidiyo, har zanen layi yana yi, kuma abinci kaɗan yake ci. Babban kuwa, cin mutum huɗu yake. An sa shi ne don aiki mai nauyi, kaman in yarinyanka ya tada gini gaba ɗaya yana juya shi. In aka zo nan, kwamfuta da kansa zai kira shi. In an gama, ya koma ya zauna. Kai kuma ka ce ya tsaya kullum. Maalam, tirela ka tada ka aika sayen burodi.”

Zulkiflu ya kalli kwamfutar. Maganar ta shige shi, amma bai bar ta ta zauna ba. Ranar da ya saye ta ma ai magana aka yi masa, ta awa shida.

“Ɗalhatu zai bar masauki da magariba,” ya ce. “Idan na ba shi ita ta je ta mutu a hannun yarinyar nan, babu gyara. Sai na gani da idona.”

“Khalas, shi ke nan. Mu gani.”

Abdul-Samed ya mayar da zaɓin inda yake tun farko, kwamfutar ta mutu ta tashi, ya ɗan jona ta har ta koma ɗari. Suka kunna bidiyon jiya, haske iri ɗaya. Ƙarfe goma da minti ashirin Zulkiflu ya zare caja da hannunsa, ya nannaɗe ta ya sa a aljihu. Sannan ya fito da salatef ɗin takarda, irin wanda suke manna wa ƙofar sito idan an rufe, ya yanko, ya liƙe ramin cajin, ya sa hannu a kai, rabin sa hannun a salatef rabi a jikin kwamfuta.

Abdul-Samed ya bi shi da kallo. “Har da wannan?”

“Ba don kai ba ne,” in ji Zulkiflu. Don shi ne mana, kuma dukansu sun sani.

Aka fara jira. Abu na farko da Zulkiflu ya lura da shi shi ne shiru: fankar ta daina huci. Ya riƙa kai hannu yana taɓa ƙasanta kamar mai duba zazzaɓin jinjiri, yana jin ta da ɗan ɗumi kawai. Sha ɗaya da minti ashirin ya duba, tamanin da shida. Ya rubuta, ya kalli shafin jiya, inda bayan awa ɗaya ya rubuta arba'in da huɗu. Ya saki jakar da ya rungume tun da aka fara jira, ya ajiye ta a ƙasa.

Da aka kira azahar suka ja ƙofar shago suka tafi masallaci tare. A cikin sujada Zulkiflu ya roƙi abin da bai taɓa zaton zai roƙa ba, wato Allah ya riƙe batir. Da suka dawo ya fara duba salatef, yana nan yadda ya bar shi, sannan ya duba lamba. Saba'in da biyu.

Abdul-Samed ya buɗe kular abincinsa, shinkafa da wake irin ta mutanen Gana, da baƙin yaji a gefe, ya fito da cokali biyu.

“Bismilla, Maalam.”

“Alhamdu lillahi, na ƙoshi.”

“Tun safe kana nan, mi ka ci? Zo.”

Babu abin da ya kai cin abincin mutumin da ka kira macuci da safe nauyi. Zulkiflu ya ci, kansa a ƙasa, yajin na ƙona masa harshe, kunya na ƙona sauran. Abdul-Samed kuwa ko a jikinsa, sai labari yake ba shi na wata ƙanwarsa da ke koyon aikin jinya, wadda ita ma sai da ya gwada kwamfuta uku kafin ya aika mata ɗaya.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin, hamsin da tara. Biyu da minti ashirin, arba'in da biyar. Masu saye suna shiga suna fita, suna ganin wani dattijo zaune a gaban kwamfuta mai salatef da littafi a cinya, ba wanda ya tambaya. Wajen ƙarfe uku waya ta yi ƙara. Ɗalhatu ne.

“Malam, ina kake ne? Yalla, yi sauri, ina son in ɗaure akwati. In babu saƙon ka gaya mini in cika wurin da dabino.”

“Kar ka cika. Bar mini wurin. Ina zuwa.”

“Ka tabbata?”

Zulkiflu ya kalli lambar. Talatin da shida, bayan kusan awa biyar. “Na kusa tabbata,” ya ce.

Suka yi la'asar suka dawo. Ƙarfe huɗu da minti ashirin, awa shida cif, malamin tafsiri yana nan yana magana, batir yana kan sha takwas. Zulkiflu ya rubuta lambar, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta, ya rufe littafin. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, irin wadda tun jiya da safe take maƙale masa a ƙirji. Ya ji kafaɗunsa sun sauko, ya ji har yunwa ta dawo masa.

“Saura abu ɗaya,” in ji Abdul-Samed. “Kar ka tafi da zargin mutumin ka.”

Ya buɗe shafin nan mai lambobi a gefe guda, inda babban kati ke kan sifili. A ɗaya gefen ya buɗe wani zanen gini mai hawa biyar da yake gwaji da shi, ya kama shi ya juya. Kafin Zulkiflu ya ƙifta ido, sifilin ya yi tsalle ya zama sittin, saba'in, fanka ta tashi, ginin yana juyawa sumul da tagoginsa da matakalarsa. Ba wanda ya taɓa wani saiti. Abdul-Samed ya rufe zanen. Lambar ta sauko, ta sauko, ta koma sifili, fanka ta yi shiru.

“Ka gani? Kunnen shi a buɗe yake. Amma ka gaya ma yarinyan, irin wannan aiki mai nauyi ya bari sai an kawo wuta, don in babban ya tashi, batir ba zai kai awa shida ba. Sauran aiki duka ya yi da ƙaramin.”

Zulkiflu ya daɗe yana kallon sifilin. Sannan ya miƙe, ya ɓare salatef ɗin a hankali, ya murƙushe shi a tafin hannu. Ya leƙa waje ya kira mai shagon da ke kusa, wanda ya leƙo da safe. Mutumin ya zo yana mamaki.

“Da safe a gabanka na ɗaga wa wannan bawan Allah murya,” in ji Zulkiflu da ɗan Larabcinsa na bakin ƙofa, yana haɗawa da hannu. “Laifina ne. Shi ba shi da laifi.” Ya juyo ga Abdul-Samed da Hausa. “Ka yafe ni. Na ci mutuncinka a banza.”

“Haba Maalam, ya wuce. Uba ne kai.” Ya sa kwamfutar a jaka da kansa, ya miƙa masa. “Amma don Allah, in ka ga firij ya yi shiru a gida, kar ka tashe shi.”

Wannan karon har Zulkiflu ya yi dariya.

Ya isa masauki ana shirin kiran magariba. Ɗalhatu yana zaune a kan akwati a ƙofar ɗaki, yana duba agogo. Suka naɗe kwamfutar a cikin sabuwar darduma suka sa a jakar hannu, Zulkiflu yana ta jaddada masa kar ya bari a ɗora mata komai. Shamsu ya fito yana tambayar ko an canza batirin.

“Batirin lafiyarsa ƙalau,” in ji Zulkiflu. “Ni da kai ne marasa lafiyar.”

Bayan kwana biyar, da rana tsaka, yana tsaye a inuwar ɗakin gadi, wayarsa ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Fuskar Kausar ta fito, ɗankwali a karkace, fensir a maƙale a bayan kunne, hasken taga kawai ke haska ta.

“Abba, ina wuni? Ta iso. Da ita ma nake kiranka.”

“Lafiya lau, Uwata. Akwai wuta?”

“Wace wuta? Tun asuba suka ɗauke.”

Ya duba agogo, ya cire awa biyu na bambancin lokaci. Gabansa ya ɗan faɗi, duk da abin da ya gani da idonsa. “Saura nawa?”

Ta kalli gefen fuskar kwamfutar. “Arba'in da ɗaya. Tun bakwai nake kanta. Na gama hawa na farko gaba ɗaya, Abba. Abin da na yi mako biyu ina bara a kansa.”

“Alhamdu lillahi. To saurara, akwai wani wuri a cikinta mai zaɓi biyu. Kar ki taɓa shi. Babban katin za ki gan shi a sifili, ba lalacewa ya yi ba, kar ki ce za ki…”

“Abba, na sani,” ta ce tana dariya. “Ai saboda haka na zaɓi irin wannan. Wa zai taɓa wurin?”

Zulkiflu ya yi gyaran murya, ya kalli titi. “Akwai masu taɓawa,” ya ce.

Ya so ya tambaye ta abinci, ya so ya tambayi mutanen gida, ya so ya gaya mata yadda Ɗalhatu ya kusa cika wurinta da dabino. Amma ya ga idonta ya riga ya bar shi, ya koma wani gefen fuskar kwamfutar, hannunta yana motsi.

“Abba, ka yi haƙuri, zan kira ka da yamma. Ina tsakiyar matakala ne, ba na son ta kuɓuce mini.”

“To, Allah ya yi miki al…”

Ta riga ta katse. Ya tsaya da waya a hannu, fuskarta ta ɓace, sai tasa yake gani a baƙin gilashi, baki a buɗe, rabin albarka a ciki. Ya ƙarasa ta shi kaɗai a hankali. A duk rayuwarsa babu wanda ya taɓa katse masa magana ya ji daɗi haka.